Bayan Ginshiƙi na Huɗu

Shekara uku Baba yana nanata min magana ɗaya, in kai shi masallacin attajirai, ni kuma ina ta yi masa kwana-kwana. Yau mota ta lalace, gobe aiki ya sha min kai. Ranar nan dai na fito da safe na tarar da shi zaune a ƙofar ɗakina, ya sa babbar riga, sanda a hannu.

"Ido ya tafi, ƙafa tana shirin bin sa," ya ce. "In ba za ka kai ni ba, ka ɗora ni a hanya in lalaba."

To, ka ji fa! Na koma na ɗauko makullin mota.

Masallacin nan wasu manyan 'yan kasuwa ne, wa da ƙane, suka gina shi sama da shekara ɗari da suka wuce. Sunansu ne a allon bakin ƙofa, amma hannun da ya ɗora ginin na gidanmu ne. Kakan Baba shi ne babban magini, kuma ya bar mana wata ɗabi'a. Duk ɗan gidanmu da ya yi gyara a masallacin, kafin yaɓe ya bushe sai ya danna tafin hannunsa a bayan ginshiƙi na huɗu, can ƙasa inda ba mai dubawa. Tafi uku ne a wurin, na kakan Baba, na mahaifin Baba, sai na Baba kansa. Burin Baba bai wuce ya ƙara sa hannunsa cikin na mahaifinsa sau ɗaya ba.

Abin da bai sani ba, shekara shida da suka wuce jikokin attajiran sun sa an lulluɓe ginshiƙan da tayil. Kuma ni na yi aikin. Ni ɗin nan, ɗansa da ya bar yaɓe ya koma tayil. Ban taɓa iya buɗe baki na faɗa masa ba.

Mun isa bayan azahar, mutane sun watse, sai tantabaru a tsakar gida. Mai kula da masallacin ya tare mu da fara'a, ya fara zuba tarihi kamar an kunna rediyo: yadda attajiran suka kawo katakon ƙofa daga nesa, yadda suka ciyar da ma'aikata shekara bakwai.

"Tara," in ji Baba.

"Na'am, Baba?"

"Shekara tara, ɗana. Biyun farko ruwa ya cinye. Ci gaba, kana ƙoƙari."

Mutumin ya yi dariya. Muka cire takalma muka shiga. Sanyin wurin yana nan yadda na san shi. Baba ya tsaya ya ja numfashi, ya ce ƙamshin farar ƙasar nan ya tafi. Sai ya saki hannuna ya miƙa sandarsa yana neman ginshiƙin farko. Sandar ta bugi tayil, ƙwas.

Ya shafa da hannu. "Wannan santsin fa?"

"Tayil ne, Baba, mai tsada," mai kula ya faɗa da alfahari. "An gyara ko'ina, tsaf!"

Wallahi kamar in toshe masa baki. Baba ya janye hannunsa. Ya ci gaba da ƙirga ginshiƙan, biyu, uku, huɗu, ya zagaya baya, ya durƙusa da ƙyar har gwiwarsa tana ƙara. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa, babu komai sai santsi. Na ga kafaɗunsa sun sauka, tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa.

Amma magini magini ne ko ba ido. Ya dunƙule yatsa ya fara ƙwanƙwasa tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka cika bayansa da siminti sautinsa a toshe yake. Da ya zo layin ƙasa sai sauti ya canza, kamar an bugi gwangwanin da ba komai ciki. Ya matsa gaba, haka. Ya ƙara matsawa, haka. Guda uku a jere.

"Wane ragon ne ya yi wannan aikin?" ya ce. "Ya bar rami a baya."

"Ni ne, Baba."

Mai kula ya dube ni, ya dubi tsohon, ya ce bari ya je ya duba famfo.

Na durƙusa kusa da shi na faɗa masa komai. Ranar da na zo kan tafukan nan na ɗebo siminti a cokali, hannuna ya ƙi. Sai na shafa a gefe-gefe kawai na manna tayil ɗin, na bar su a ciki yadda suke. Ko ƙwarzane ba su yi ba.

Ban san ko ya ji ni ba. Ya shimfiɗa tafinsa a kan tayil na tsakiya, ya bar shi a nan.

"Hannun mahaifina ya fi nawa faɗi," ya ce a hankali. "Ranar da na danna nawa, shi ya riƙe min wuyan hannu, wai kar in karkace. Kai, ina kewar mutumin nan."

Ni ma kewar ta kama ni, ta kakan da ban taɓa gani ba, da ta Baban da ke gabana tun bai tafi ba.

Can ya lalubo gwiwata ya dafa. "Kai fa? Ai gyara ka yi. A ina ka sa naka?"

"Ban sa ba, Baba. Kunya na ji. Na ga kamar wanda ya zo rufewa bai cancanta ba."

Ya mayar da hannunsa jikin ginshiƙin, ya wuce na ukun, ya ƙwanƙwasa tayil na huɗu. Sautinsa a toshe, don na cika bayansa dam da siminti kamar yadda ake aikin kirki.

"Nan ne," ya ce. "Da na danna nawa sai da na matsa gefe na bar maka wuri. Lokacin ko uwarka ban aura ba."