Hedimastan da Ya Ƙi Zama

A shekarar 1977 wani likita a Kano ya shaida wa Malam Sama'ilu, hedimastan wata firamare a Roni, cewa ciwon karkarwa ne ya kama shi. Ya rubuta masa ƙwaya sau uku a rana. Karkarwar hannunsa ta lafa, har yana iya riƙe alli. Amma da la'asar, in ƙarfin maganin ya fara sauka, sai ƙafafunsa su tayar, kamar tururuwa na yawo cikin ƙashi. In ya zauna azaba, in ya tashi ya taka sai ya ji sauƙi.

Juliana, wata ma'aikaciyar jinya a Kazaure, ta ce masa, "Baba, ku rage goro da shayi. Ku riƙa rubuta lokacin da abin ke tashi, ku kai wa likita. Kada ku ƙara ƙwaya da kanku." Ya bi, ko da yake rabuwa da goro ta fi masa komai ciwo.

Wata rana aka kira taron hedimastoci a Kazaure. Jami'in da ke jagorantarsa, Muhammadu Lawal, tsohon ɗalibinsa ne. Taro ya kai la'asar, Malam Sama'ilu ya miƙe ya shiga kai da kawowa a bayan ɗaki. Aka fara ƙus-ƙus.

Bayan an tashi, jami'in ya ja shi gefe ya rusuna. "Malam, ku yi haƙuri. Ina ganin lokacin hutawa ya yi. Ni zan rubuta muku takardar ritaya."

"Lawal, a cikin abin da aka tattauna yau, wanne ne ban ji ba?"

"Babu, Malam. Amma mutane suna magana."

"Su yi. Ajinka na koyar shekara biyu, ka taɓa ganina a kujera? Ƙafa ce ta ƙi zama, kaina lafiya lau. Ranar da na kasa raba ɗari da bakwai, da hannuna zan kawo maka takardar."

Jami'in ya sunkuyar da kai, ya bar maganar ritaya.

Malam Sama'ilu ya koma Roni ya sa kafinta ya yi masa dogon tebur mai kai masa ƙirji, a tsaye yake duba rajista. Ya kai wa likita abin da Juliana ta ce ya riƙa rubutawa, likitan ya gyara masa lokutan shan magani. Abin bai bar shi ba, ya dai ragu. Shekara biyar ya ƙara a makarantar, har ya ga an gina sabbin azuzuwa huɗu.