Tsohon Matuƙi da Kogin Cikin Littafi

Shekara talatin da takwas Don Eleuterio Tapullima ya yi yana tuƙa manyan jiragen ruwa na kaya da fasinja tsakanin Iquitos da Pucallpa, har gwiwoyinsa suka gaji da hawan matakala. Da ya ajiye aiki sai yini ya yi masa tsawo. Ya gwada kiwon kaji, kajin suka fi shi wayo. Ya gwada zaman hira da tsofaffin abokai, ya tarar duk labarin da za su ba shi ya riga ya ji shi sau goma. Ana haka wata Asabar yayyafi ya kora shi ƙarƙashin lemar wata mata mai sayar da littattafai a bakin kogi. Da ruwan ya ɗauke sai ya ji kunyar tafiya haka nan, ya sayi ɗan littafi guda.

Sunan matar Nélida Ahuanari, kuma ita kaɗai ce madaba'ar. Ita ke zaɓen labari, ita ke bugawa, ita ke ɗinke shafuka da zare, ita ke tallan. Labaran duk na ƙage ne, irin abin da bai faru ba tukuna ko ba zai taɓa faruwa ba: mutanen ƙarƙashin kogi da suka fito neman katin zaɓe, na'urar da ta koyi yaren Kukama a bakin wata tsohuwa har ta fara yi wa injiniyoyi faɗa. Marubutan kuwa malaman firamare ne da masunta da ma'aikatan asibitin ƙauye. Don Eleuterio bai taɓa ganin sunan ƙauyen uwarsa a littafi ba sai a nan. Daga ranar duk abin da Nélida ta fitar biyu yake saye, ɗaya nasa, ɗaya ya ajiye a shagon mai aski.

Wata safiya yana kwance cikin ragar lilo da sabon littafi, sai matarsa Zoila ta ji ya yi tsaki mai ƙarfi.

"Lafiya, tsoho? Sauro ne?"

"Shafi na arba'in da ɗaya ne," in ji shi. "Bayan shekara ɗari biyu teku ta cinye ƙasa, an ɗora gari guda a kan kwale-kwale dubu ana jan sa a kogi zuwa tudu. To. Amma sun bi da shi ta mashigar Shiringal a watan Satumba! A Satumba ko agwagwa sai ta taka ƙasa a wurin."

Zoila ta juya ayabar da take gasawa. "Ka yarda gari yana tafiya a kan ruwa. Jiya ka ce mini akwai kifin da ya zama alƙali, ka yarda. Sai wata ne ya tsaya maka a wuya?"

"Wancan ƙage ne, mata. Wannan kuskure ne."

"To sa rigarka ka je ka gaya musu, ka bar ni da ayabata."

Ba ta zaci zai je ba. Ya sa rigar, ya tare babur mai ƙafa uku.

Madaba'ar ɗaki ne guda a bayan shagon wani tela. Ya tarar da Nélida tana yankan takarda, fanka tana kaɗa warin tawada. Ta saurare shi har ƙarshe ba ta katse shi ba, shi kuma yana magana yana jin kunya na kama shi, don ya ga yatsunta duk tabon allura.

"Kawu," ta ce, "ka san kai ne mutum na farko da ya taɓa zuwa nan da ƙorafi? Zauna. Na ji daɗi wallahi, ashe ana karantawa har shafi na arba'in."

Ta ɗauki waya ta kira marubuciyar, wata ungozoma a Nauta mai suna Otilia Yahuarcani, ta buɗe murya yadda kowa zai ji.

"Wane ne wannan mai cewa garina ba zai wuce ba?" in ji muryar, ana jin kukan jariri a bayanta.

"Ni ne, 'yata. Na maƙale a wurin sau biyu, da jirgin da bai kai rabin garinki ba."

"To ta ina za su bi?"

"Babu ta ina. Sai su ɗaure su jira ruwa ya dawo. Wata biyu, in sun yi sa'a."

Don Eleuterio ya ɗauka ya ɓata mata rai, har ya fara neman kalmar ba da haƙuri.

"Wata biyu," Otilia ta maimaita a hankali. "Ke nan matar nan mai ciki ta cikin labarin ba za ta kai tudu ba. A kan yashi za ta haihu, gari duka a tsaye yana jira. Kai! Baba, me mutane ke yi in jirgi ya maƙale haka?"

Ya gyara zama. Ya ba ta labarin yadda fasinjoji ke sauka su kafa murhu a kan yashi, yadda ake buga ƙwallo da yamma, yadda wata shekara aka ɗaura aure tsakanin mai dafa abincin jirgi da wani ɗan kasuwar albasa kafin ruwa ya ɗaga su. Sai da batirin wayar ya mutu suka rabu. Nélida ta ce bugu na biyu zai ƙara babi guda, kuma ba za ta sake buga labarin da ke da jirgi a ciki ba sai ya bi ta hannunsa.

Da ya miƙe zai tafi sai ya lura da kwalaye jibge a jikin bango har kusa da rufi.

"Waɗannan fa?"

"Littattafai ne, Kawu. Masu karatu suna can Requena da Contamana, suna ta aiko saƙo. Ni kuma ƙafata biyu ce, teburina ɗaya."

"Jirgi nawa ke tashi daga tashar nan kowane mako, kin sani? Rabin matuƙan ni na koya musu riƙe sitiyari."

Ranar Talata da hantsi ya sauka tasha da kwali biyu, Zoila na biye da shi wai don kada ya zame a kan katako. Matuƙin jirgin, wani ƙato mai suna Wenceslao, ya sauko da kansa ya rungume shi.

"Maigida! An ce ka koma kiwon kaji."

"An yi maka ƙarya. Ɗaya na malamar makarantar Requena ne, ɗaya na mai kantin magani a Contamana. Ka sa su sama, nesa da buhunan gishiri."

Wenceslao ya ɗaga murfin kwalin ya zaro guda, ya juya bangon da aka zana gari a kan kwale-kwale. "Fasinja kwana huɗu suke yi a kwance suna kallon rufi. In na rataya biyu da igiya kusa da wurin shayi fa?"

"Ka saya tukuna, sannan ka rataya."

Ya saya kuwa, har uku, yana gunaguni.

Suka tsaya a inuwa har jirgin ya ja da baya ya juya hanci ya nufi inda ruwa ke gangarowa. Don Eleuterio ya bi shi da ido, yana gyaɗa kai don juyin ya yi kyau. A aljihun rigarsa akwai sabon rubutu da Nélida ta ba shi ya duba, labarin wasu 'yan'uwa mata uku da suka gaji jirgin da ke tafiya a cikin gajimare, da jan fensir da ya saya musamman.

"Mu biya kasuwa," in ji Zoila. "Kifi nake so, tun ba a kwashe masu kyau ba."

Ya riƙe mata kwando, suka hau gangaren a hankali.