Wandon Auta

Su bakwai ne a shagon ɗinkin: maigida, teloli biyar, sai mai guga, wadda teburinta ke lungu kusa da ƙofar baya. Kekuna suna da su, yadi ma akwai. Abin da suka rasa shi ne amsar da za su ba shugabar makarantar da suke ɗinka wa yunifom. Iyaye sun yi ta ƙorafi cewa kafin shekara ta zagayo wando ya ɗage wa yara. Shugaba ta ce in ba a samo mafita zuwa Litinin ba, za ta kai aikin wani wuri. Kowa ya san in aikin ya tafi, mai guga za a fara sallama.

Ranar Alhamis maigida ya tara teloli. Babban tela ya ce a ƙara tsawo kawai.

"Su riƙa share titi da shi ke nan," in ji maigida.

Ana cikin haka Auta, 'yar mai guga, ta taso daga makaranta. Maigida ya ƙura wa ƙafafunta ido.

"Ke Auta, yaushe muka ɗinka miki wandon nan?"

"Tun ina aji biyu, Baba. Yanzu ina huɗu."

"To ke ba kya girma ne?" in ji babban tela.

"Ina girma mana! Inna ce ke sauke shi."

Mai guga ta ajiye dutsen guga, kunya ta kama ta. "Ba wani abu ba ne, maigida. Da za a yanka nata, na roƙa a bar min yatsa shida a ƙafa. Na kalmashe ciki sau biyu. Duk shekara sai in warware ɗaya."

"Shi ne ba ki taɓa faɗa ba?"

"Ai guga aka ɗauke ni."

Maigida ya jawo wa mai guga kujera. "Yaya, zauna ki nuna mana."

"Zai ci yadi fa," babban tela ya yi gunaguni.

"Yatsa shida ne, Malam, ba zani ba," ta ce. Har shi ma sai da ya dara.

Ranar Litinin shugaba ta juya samfurin wandon da suka kai mata, ta ja kalmasar, ta ce a ci gaba da aikin.

Auta ta gane cewa innarta ta daɗe da sanin abin da manya ke nema, tambayarta ce kawai ba a yi ba.