Gaisuwar Baba ga Ɗan Emmanuel

Baba Emmanuel ya rasu a gidansa da ke jingine da namu a Unguwar Sarki. Tun kafin a haife ni yake gyaran rediyo a ƙofar shagon ɗinkin mahaifina. Ɗansa ɗaya ne, Caleb, wanda uwarsa ta tafi da shi Fatakwal tun yana goye. Ya zo jana'iza ba ya jin ko "zo" da Hausa. Ni na ji shi a waya yana faɗa wa wani da Turanci cewa mahaifinsa ya mutu shi kaɗai, a cikin mutanen da ba nasa ba.

Da na faɗa wa Babana, sai ya ajiye almakashi.

"Shi kaɗai? Haka yaron zai koma gida da wannan a ransa?" Sannan ya ce, "Sa'adatu, yaya ake gaisuwar mutuwa da Turanci? Kada ki ce mini sore. Sore nake ce wa wanda na taka wa ƙafa a masallaci."

Wannan shi ne abin da nake fama da ɗalibaina na Turanci a kai kullum. Su kama kalma ɗaya su riƙe har su gama makaranta: abinci nais, malami nais, biki nais, kuma babu wanda abin ya dama. Yau ga wanda ya nemi ta biyu da kansa. Na jawo kujera.

Na ba shi kwandolans, na ce ita ce ta manya. Na ba shi simfati, ta tausayi. Na ƙara masa tek hat da bi sitiron, waɗanda ake faɗa don a ƙarfafa wa mutum zuciya.

"To, zaɓi ɗaya, Baba. Masu Turanci ɗaya suke faɗa, su yi shiru."

"Ɗaya? Kamar ina sallamar mai talla?"

"Haka tsarinsu yake."

"To, Malama," ya ce, ya koma kan kekensa. Ina jin sa yana taka keken yana maimaita su ƙasa-ƙasa.

Bayan la'asar muka shiga gidan makokin. Caleb na zaune ƙarƙashin rumfa, hankalinsa na kan waya. Baba ya cire takalmi, ya durƙusa, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Kwandolans."

Caleb ya yi godiya, ya nemi zare hannunsa. Baba bai saki ba. Ya ɗan dakata kamar yadda ake jiran amsa, ya ce, "Simfati." Caleb ya sake godiya. "Tek hat." "Bi sitiron." Da suka ƙare, sai ya koma kan ta farko, daidai yadda muke jera ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri.

Caleb ya dube ni, ya tambaya ko lafiya. Na ce masa a nan ba a gaisuwa sau ɗaya. Yadda mamaci yake kusa da kai, haka gaisuwarka take tsawo.

"Me ya ce?" in ji Baba.

"Yana tambaya ko kun gama."

"Ki ce masa kalmomin ne suka ƙare. Laifin malamata ne, huɗu kacal ta ba ni."

Na fassara. Caleb ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ya sunkuyar da kai a kan hannayen Baba. Can ya ɗago ya tambaya ko akwai wanda ke wurin lokacin da abin ya faru.

"Ki ce masa kansa na kan cinyata," Baba ya ce. "Matar Tijjani maƙwabcinmu ce ta dama masa kunu, ya sha rabi, ya ce sukari ya yi yawa."

Ban nemi wata babbar kalma ba, na faɗa masa yadda aka faɗa.

Washegari da na fito za ni makaranta, na tarar da Caleb a ƙofar shago, zaune kan bencin mahaifinsa, wata tsohuwar rediyo a cinyarsa. Baba ya leƙo ta taga.

"Malama, kafin ki wuce. Ban da gud, me ake ce wa mutumin kirki? Ina so in ba shi labarin ubansa."