Igiya a Wutsiyar Ɗan Nyangumi

Mun bar gaɓar Kizimkazi da hantsi, ni da ƙanena Vuai, ɗauke da baƙi Turawa masu son ganin nyangumi, ƙatuwar dabbar teku mai kama da kifi. Ba mu yi nisa ba muka hango feshin ruwa. Uwa ce da ɗanta, ita kaɗai ta ninka kwalekwalenmu tsawo.

Baƙi suka hau ɗaukar hoto, amma ni hankalina bai kwanta ba. Ɗan yana tasowa da ƙyar, ya shaƙi iska, ya sake nutsewa. Da muka matsa sai na ga igiyar taru ta naɗe masa wutsiya, tana jan sa ƙasa.

Ina waiwayawa na tarar Vuai ya tuɓe riga, wuƙa a hannu.

"Mayar da rigarka," na ce. "Uwar tana nan."

"Yaya Pandu, in muka tafi ba zai kai yamma ba."

"Kai kuma in ta make ka ba za ka kai azahar ba. Me zan gaya wa matarka?"

"Ka ce ta ajiye min wainar shinkafata." Ya faɗa ruwa.

Na kashe inji. Da farko ina ganin tafin ƙafarsa, daga baya ban ga komai ba sai shuɗi. Uwar ta juyo a hankali, ta bi ta ƙarƙashinmu, kwalekwalen ya ɗaga ya dawo. Wata baƙuwa ta riƙe hannuna tana tambaya, ban ko fahimce ta ba. Addu'a kawai nake. Na san iyakar numfashin Vuai, tun muna yara muke nutso tare, kuma ya wuce ta.

Sai wutsiyar uwar ta tashi sama, ta daki ruwa. Muka jiƙe sharkaf. Da kumfar ta lafa, babu kowa.

"Vuai!"

Can bayanmu na ji tari. Na ja shi ciki, jini na zuba daga tafin hannunsa, wuƙar ta tafi.

"Ka yanke igiyar?"

"Saura wani guntu. Amma nauyin ya rabu da shi."

Muka ga bayansu biyu sun nufi kudu, ƙaramin yana jan ɗan silin igiya. Na so in zage shi, amma na fasa. Na ɗaure masa hannu da rigarsa, muka juya gida.