Fallayen Sifirin da Na Cire

Ni direba ne tun gashina yana baƙi. Masara nake ɗauka, da dawa, da waken suya, daga ƙauyenmu bayan Pauwa zuwa kasuwar Sheme, wani lokaci har Sabuwa. A-kori-kurata tsohuwa ce, amma ba ta taɓa kwana a hanya ba. Duk mai ɗaukar hatsi a yankin nan ya san abin da muke yi. Sifirin baya, ƙarfen da ke ɗauke nauyin kaya, wanda mota ke zuwa da shi ba ya isarmu, sai mu ƙara fallayen ƙarfe a kai har ya yi tauri. Tawa na ƙara mata fiye da na kowa. In an loda ta, tafiya take a natse. In babu kaya, tsalle take kamar ɗan akuya.

Da damina ta kama, ciwon baya ya kwantar da matata, Hajiya Fatsuma. Zama ya gagare ta. Na shimfiɗa mata katifa a bayan mota, na kai ta asibiti a Ƙanƙara. Ba ta yi kuka ba, don ba halinta ba ne, amma da muka isa na ga ta cije mayafinta har ya huje. Likita ya duba ta, ya ce a dawo da ita ranar Talata za su yi mata aiki. Ya ja ni gefe ya ce in aka wuce ranar, ƙafafunta na iya mutuwa.

Da muka koma gida ta ce, "Malam, ni da motarka har abada."

"Likita ya ce Talata."

"Shi likitan ya zo ya kwanta a bayan motar ya ji. Ka bar ni a ɗakina da ƙasusuwana a haɗe."

Na san ta. In ta ce a'a, magana ba ta juya ta. Kuma da damina babu motar da ke shigowa ƙauyenmu sai tawa, saura duk babura ne.

Da safe na tafi Ƙanƙara wajen Yahya bakanike, tare da ɗana Mas'udu. Na ce ya cire duk fallayen da na ƙara.

Yahya ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu. "Baba, lafiya? Kai da ka ce mota mai laushi ta ma'aikatan ofis ce?"

"Cire."

"Kaka na tafe fa. In na cire, buhu kaɗan za ka ɗora ta zauna bisa taya."

"Na tambaye ka labarin kaka?"

Mas'udu ya yi mashi bayani a hankali. Yahya ya daina dariya, ya ɗauko sifana.

Da aka zo kan shokozoba, ƙarfen nan da ke hana mota rawa bayan ta faɗa rami, ya ajiye mani iri biyu. Ɗaya na gas ne, mai tauri, irin wanda ke jikin motata. Ɗayan na mai ne. Na kafa kowane a ƙasa na danna da ƙirjina. Na gas ya turo ni baya. Na mai ya shige sannu, ya dawo sannu. Na shafa wuyansa da yatsa in ji ko yana yoyo, na ji shi a bushe. Na ce a sa shi gaba da baya.

A kan taya muka yi gardama da Mas'udu. Shi yana son mai sulɓi, irin ta kwalta.

"Baba, ita ba ta jijjiga. Mai haƙoran nan ko a kan tabarma sai ta girgiza mutum."

"Fadamar bayan gari fa?"

"In ba a yi ruwa ba, za mu wuce."

"Kai ke riƙe da ruwan?"

Laushin taya ba ya amfanar mara lafiya in mota ta kafe cikin laka. Na zaɓi masu manyan haƙora da gefe mai tsawo da kauri, don tsakuwar hanyar Pauwa tana yanka gefen taya kamar wuƙa. Sai na sa mai faci ya rage iska. Ya ce ta yi ƙasa da yawa. Na ce ya ƙara ragewa. Na tsaya a kansa har cikin tayar ya ɗan buɗe a ƙasa.

A gida na cika buhuna da yashi, na jera su a bayan mota saitin tayoyin baya don su danne motar. Katifar kuma na matsar da ita jikin kan mota, inda girgiza ta fi sauƙi.

Na shiga ɗakin Hajiya na ɗauki ƙwaryar da take dama fura a ciki.

"Ina za ka da ƙwaryata?"

Na cika ta da ruwa a gabanta. Na ɗora a tsakiyar katifa, na tokare ta da tsumma. Na tuƙa har kwazazzabon bakin gari, na juyo. Na kawo mata ƙwaryar bakin gado. Ruwan ya ragu kamar faɗin yatsa.

Ta daɗe tana kallo. "Ka zubar mani da ruwa."

"Kaɗan."

"Duk shekarun nan ashe motar ta iya tafiyar mutane." Ta juya fuska bango. "Ka ce a wanke mani zanen nan shuɗi."

Ranar Litinin aka wuni ana ruwa. Talata da hantsi muka ɗauke ta. Mas'udu ya zauna a baya yana riƙe da kanta. A fadama laka ta kai rabin taya. Na sa giya ɗaya, ban taɓa birki ba. Motar ta yi gefe, haƙoran suka kama ƙasa, muka fita. Na ga sawun wata ƙaramar mota da aka jawo da shanu a wajen. Mas'udu ma ya gani.

Da muka tsaya a ƙofar asibiti na zagayo. Idonta a rufe. Ta buɗe ta ce, "Har mun iso?"

Aka yi aikin. Suka ce ciwon ya yi nisa fiye da yadda suka zata, sai ta zauna a wajensu. Damina ta wuce, kaka ta shigo tana kwance. Manoma suka riƙa zuwa ƙofar gidana a kai masu masara Sheme. Na ce su nemi wani. Yahya ya aiko cewa in kawo motar ya mayar da fallayen, ranar da za a sallami Hajiya a sake cirewa. Na ce a faɗa mashi likita ba ya sanar da ranar sallama tun da wuri. Ba zan zo ɗaukarta da motar hatsi ba.

Wata Alhamis bayan azahar Hajiya ta cika. Muka ɗora ta a kan katifar nan, a wurinta, jikin kan mota. Hanya ta bushe a lokacin, ramukan da damina ta bari sun yi tauri. Na riƙa bin gefensu a giya biyu, inda ya yi muni in koma ɗaya.

Mas'udu ya ƙwanƙwasa gilashin baya. Na tsaya. Ya leƙo, idonsa ja.

"Baba, mutane na jira a yi sutura kafin rana ta faɗi. Hanyar nan kuma ba a binta in yamma ta yi, ka sani. Ka ƙara wuta. Yanzu ba ta ji."

"Koma ka riƙe kanta."

Ya koma. Na ci gaba yadda nake tafiya. Muka isa rana ta yi ja, aka yi sallah, aka kai ta.

Fallayen suna ƙarƙashin rumbu, ɗaure da waya, sun fara tsatsa. Mas'udu ya tambaye ni sau ɗaya yaushe za a mayar. Na ce ba bana ba. Yanzu marasa lafiya nake kaiwa Ƙanƙara, da mata masu naƙuda. Ban cika magana da su ba. In sun shiga ina ce masu su kwanta jikin kan mota, kada su matsa baya.