Aljihun da Aka Ɗinka a Kife

Auta ta juya aljihun, bakinsa ya kalli ƙasa, sannan ta taka keken ɗinki. Allura ta bi ta kansa sau biyu kamar yadda take bi ta kan kowane aiki nata, domin ita ko ɓarna za ta yi, ba ta iya yin ta da sakaci. Jakar haihuwa ce, irin wadda mai ciki ke zuba kayan jariri ta tafi da ita asibiti. Aljihun kuwa na kwalbar madarar jariri ne. Duk wanda ya yi ƙoƙarin saka kwalba a cikinsa yanzu, sai dai ya tsince ta a gindin jakar.

Mijinta, malamin makaranta, yana bakin ƙofa yana ɗaura igiyar takalmi. Ya miƙo wuya.

"Shugabar kamfani, idona ne, ko aljihun nan a kife yake?"

"Idonka ƙalau yake, Malam. Tarko ne."

"Tarkon wa?"

"Za ka ji labari."

Ba a fi 'yan watanni ba da Auta ta bar shagon yayarta da ke kasuwa, inda ta koyi ɗinki tun tana budurwa, ta buɗe shafinta na sayar da jakunkuna a intanet. A daidai lokacin ta shiga wani zauren hira na waya na masu son zama manyan 'yan kasuwa, wanda wani mutum da suke kira Koci yake jagoranta. Ba ta taɓa ganinsa ido da ido ba, amma kowace safiya muryarsa ce ke fara shiga kunnenta. Shi ya koya mata tsayawa gaban madubi ta ce wa kanta ita shugaba ce. Shi ya koya mata ɗaukar hoton jaka kusa da taga, inda haske yake, kuma gaskiya wannan ya yi amfani. Shi ne kuma ya koya mata cewa ɗan kasuwa na gaske ba ya faɗa wa kowa shirinsa, musamman na jikinsa, don su ne suka san inda za su sa hannu.

Sai ga wata mai saye ta ɓullo. Ba suna a shafinta, ba fuska, sai hoton fure. Ta sayi babbar jaka ba ta nemi ragi ba. Bayan ɗan lokaci ta sayi matsakaiciya. Yanzu kuma ƙarama take so. Ba ta taɓa faɗin inda za a kai mata ba, mai babur ɗinta take turowa. Tambayoyinta kuwa ba na mai jiran haihuwa ba ne: wane yadi ne a ciki, yana jure wanki, guda nawa za ki iya ɗinkawa a mako, ke kaɗai kike aikin?

Auta ta kai maganar zaure. Koci bai ɓata lokaci ba, ya ce wannan ba ciniki ba ne, leƙen asiri ne. Wata ce ke tattara samfur don ta kwaikwaya. Ya ce mai kwaikwayo ba ya tunani, abin da ya gani yake kwafa, saboda haka a dasa masa kuskure a jira a ga inda kuskuren zai tsiro. Tana cikin sauraro ta tuna cewa kwanan baya Yaya ta kira ta, bayan gaisuwa ta tambaye ta inda take sayen zif. Tun daga ranar ba ta sake ɗaga wayar Yaya ba.

"To yanzu," in ji Malam, yana miƙewa, "matar da ta koya miki riƙe almakashi, ita ce za ta ga aljihu a kife ta kasa ganewa?"

"Ai ba ita ke ɗinki ba yanzu, ma'aikatanta ne. Su kuwa abin da aka ajiye musu suke bi."

"Idan kuma ba ita ba ce fa?"

"Malam, irin wannan tunanin ne ya sa har yau kake jiran albashi."

Ya yi dariya, ya ɗauki jakarsa, wadda ita ma ɗinkinta ce. "Albashin nan dai shi ya sayo madubin da kike yi wa jawabi. Sai na dawo, ranki ya daɗe."

Bai jima da fita ba mai babur ya danna ham a ƙofar gida. Auta ta miƙa masa ƙunshin, ta yi masa fara'ar da ba ta kai ciki ba.

"Wace unguwa za ka kai ne? Ko zan ba ka wani saƙon."

"Anti, ni dai an ce in karɓo, kuma an ce kada in tsaya surutu."

An ce kada ya tsaya surutu! Wannan ai ya gama magana. Yana juya babur ta koma ciki da gudu, ta saka takunkumi ta rufe hanci da baki, ta saɓa tsohuwar jakar hannunta, ta fito ta tare wani babur ɗin.

"Bi wancan mai jar hular kwano. Kada ka matse shi, kada kuma ya ɓace maka."

"Mijinki ne?" in ji direban.

"Tuƙi na ce ka yi."

Mai jar hula ya nufi hanyar kasuwa. Abin da Auta ta ji rabi baƙin ciki ne, rabi wani irin daɗi mara kyau na wanda zarginsa ke shirin tabbata. Ta fara shirya abin da za ta faɗa. Ba za ta ɗaga murya ba. Shugaba ba ta ɗaga murya. Za ta tsaya a ƙofar shagon ne kawai ta ce, Yaya, da kin tambaye ni ai da na ba ki. Har hawaye suka taru mata don tausayin kanta.

Mai jar hula ya wuce ƙofar kasuwa ko waiwaye bai yi ba. Auta ta ce a ranta, ai Yaya ba yarinya ba ce, gida za a kai mata. Suka iso kwanar gidan Yaya, ya wuce ta ita ma. Ya bi ta gaban gidan mai, ya tsallaka gada, ya tsaya a ƙofar wani asibitin haihuwa mai farin fenti. To, wata ma'aikaciya ce ke nan mai sana'a a gefe, ko kuma ƙawar Yaya da ake fakewa da ita. Auta ta sallami nata direban ta bi bayan ƙunshin.

Ranar awo ce, bencina cike da masu ciki, kowace riƙe da katinta. Ta sami gefe ta raɓa. Matar da ke kusa da ita ta dubi cikinta, ta dubi fuskarta.

"Naki sabo ne, ko?"

"Rakiya na yo," in ji Auta, ta gyara takunkumi.

Wadda ta fito ta karɓi ƙunshin babbar ungozoma ce, dattijuwa mai jiki, da tabarau rataye a wuya. Ta ajiye shi a kan teburin da ke gaban bencinan. A nan ne Auta ta ga abin da ba ta zata ba: jakunkunanta biyu na farko suna kan teburin. Ba a farke su ba, ba a warware ɗinkinsu ba. Babbar ta ɗan koɗe, alamar ta sha wanki ba sau ɗaya ba.

"Ku ba ni hankalinku kaɗan," in ji ungozomar. "Na gaji da ganinku kuna zuwa haihuwa da kayan jariri a leda. Asibiti ya yarda, duk wadda ta haihu a nan za a ba ta jaka. Ni aka ce in nemo mai ɗinki. Waɗannan biyun na gwada su, na wanke, na cika su da kaya na rataye, ko zare bai motsa ba. Wannan ce ta ƙarshe. Idan ita ma ta yi, yau zan shiga wurin likita a ba yarinyar nan aikin shekara."

Wata ƙaramar ma'aikaciya da ke rubutu a gefe ta ɗago kai. "Mama, kin dai gaya mata daga asibiti ne?"

"In gaya mata don ta yi mini na ganin ido? Ban san ta ba, ban san gidansu ba, hoto kawai nake gani. Wanda take sayar wa kowa nake so in gani."

Ta yage ledar, ta saka tabarau. Ta ja hannun jakar da ƙarfi, ta gyaɗa kai. Ta zuge zif ta mayar, ta sake gyaɗa kai. Auta ta yi addu'ar a kira matar nan ɗakin haihuwa yanzu-yanzu, ko wuta ta ɗauke, ko wani abu dai. Ba abin da ya faru. Ungozomar ta ɗauki kwalbar madara daga kan tebur, ta lalubi bakin aljihun ta sama, ba ta samu ba. Ta leƙa. Ta cusa kwalbar ta ƙasa, ta sake ta, kwalbar ta faɗa gindin jakar.

Bencina suka kwashe da dariya, har wata tana riƙe ciki tana cewa a yi mata rai kada a sa ta haihu a nan.

Ungozomar ba ta yi dariya ba. Ta cire tabarau. "Kun gani? Haka suke, 'yan intanet. Na farko da na biyu a yi maka na kirki, da ka saki jiki sai a nuna maka hali."

"Mama, ki mayar mata ta gyara mana. Kuskure ne."

"Kuskure da ɗinki biyu-biyu? Dubi nan. Wadda ta yi wannan ba barci take yi ba. Ko dai ba ita ke ɗinkin ba, saye take ta sayar, ko kuma ta raina mai saye. Duk ɗaya ne a wurina."

Wayar Auta ta yi rawa a cikin jaka. Ta leƙa: Yaya ce ke kira. Kunya ta rufe ta daga kai har ƙafa, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun tana yarinya. Ta bar wayar ta gama rawarta, ta miƙe a hankali ta nufi ƙofa, tana bin jikin bango.

"Ke, baiwar Allah, tsaya."

Ta tsaya.

"Zo in ga jakar nan ta kafaɗarki."

Ba yadda za ta yi, ta miƙa. Jakar hannu ce baƙa, ta farko da ta ɗinka da kanta a shagon Yaya, ta sha rana ta sha ruwan sama. Ungozomar ta mayar da tabarau, ta juya ta, ta ja hannun, ta bi gefen da farce. Ta leƙa ciki, ta ga almakashi da zare da ƙaramar reza, amma hankalinta na kan ɗinkin.

"Ta daɗe a hannunki?"

"Ta kwana biyu, Mama."

"Kun ga aiki," in ji ungozomar, ta ɗaga jakar sama don masu ciki su gani. "Wannan mai tsoron Allah ce ta yi shi. Kin san ta?"

"Na san ta."

"Tana da amana?"

Auta ta gyara takunkumi. "Tana da hannu mai kyau," ta ce.

"To sa mini lambarta a nan. Waccan na gama da ita."

Wayar ungozomar ta sauka a tafin Auta. Nan take ta ji muryar Koci a kanta, sarai kamar da safe: rufe shafin, canza suna, ba da wata lambar, shugaba ba ya waiwaye. Lambar Malam tana kanta. Ta Yaya ma tana kanta, kuma ta san ko ta sami aikin nan, ba za ta iya shi ita kaɗai ba sai da kekunan shagon Yaya. Ko wacce ta saka, babu wanda zai taɓa sani.

Ta fara danna lambobi. Kafin ta kai ƙarshe, wayar ta cike sauran da kanta, suna ya fito a sama yadda ungozomar ta ajiye shi: Mai Jaka Intanet.

Ta miƙa wayar. Ungozomar ta dubi sunan, ta dubi jakar da ke kan tebur, sannan ta dubi Auta ta saman tabarau.

Auta ta sauke takunkumin zuwa haɓa, ta zaro rezar daga cikin jakarta.

"Mama, ba kuskure ba ne, da gangan na kife shi. Na ɗauka ke wata ce. Ki ara mini kujera."

Ungozomar ta sa ƙafa ta turo mata kujerar da ke gefen tebur.

"Ban ce na ba ki aikin ba," ta ce.

"Na sani."

Auta ta zauna, ta ɗora jakar a cinya, ta sa reza a zaren farko. Ɗinkin ya yi ƙarfi, da ƙyar yake warwaruwa.